3.4 Sa Ido Mai Zaman Kansa a kan Wuraren Kula da Yara: Misalin Unguwar Gidan Igwai

A fasalin da ya gabata an bayyana ire-iren wuraren da ake ajiye yaro nesa da iyayensa, wato makarantar allo, da gidan marayu, da gidan horo, da kuma riƙo a gidan dangi. A wannan fasali za a duba wanda ke da alhakin leƙa waɗannan wurare, tare da kawo misali daga unguwar Gidan Igwai da ke cikin birnin Sakkwato.

3.4.1 Ma'anar Sa Ido Mai Zaman Kansa

Abin da ake nufi shi ne a sami wata hukuma wadda ba ita ke tafiyar da wurin ba, ba kuma a hannun mai wurin take cin abinci ba, a ba ta ikon shiga ba tare da sanarwa ba, ta gana da yara su kaɗai, sannan ta bayyana abin da ta gani. Dalili kuwa shi ne, da wuya yaro ya kai ƙarar wanda ke ciyar da shi, musamman idan iyayensa suna wani gari mai nisa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A fiƙihun Malikiyya, alƙali ne ke bin diddigin wasiyyin da aka danƙa wa maraya da dukiyarsa, yana kuma da ikon tsige shi idan ha'incinsa ya tabbata. A ƙasashen Turai kuwa, Norway ce ta fara naɗa jami'i na musamman mai sauraron koken yara a shekarar 1981.

3.4.2 Tanadin Doka

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a shekarar 1991. Sashe na 25 na yarjejeniyar ya ba yaron da hukuma ta ajiye a wani wuri haƙƙin a riƙa sake duba halin da yake ciki lokaci-lokaci. A 2003 aka yi Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda ta tanadi rajistar gidajen yara da binciken su. Sai dai kowace jiha sai ta yi tata kafin tanadin ya yi aiki a cikinta. Jihar Sakkwato ta yi hakan a watan Nuwamba na 2021, lokacin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara. Bugu da ƙari, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, mai ikon ziyartar wuraren da ake tsare mutane.

Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan jihohi ma'aikatar harkokin mata ce ke yi wa gidajen yara rajista, ita ke binciken su, ita ce kuma ke tafiyar da gidajen marayu na gwamnati. Wato ke nan, a wasu wuraren mai aikin shi ne mai duba aikin.

3.4.3 Halin da Ake Ciki a Gidan Igwai

Kamar sauran unguwannin Sakkwato, akwai makarantun allo a Gidan Igwai, inda almajirai ke zaune a hannun malamansu. Masu sa ido na farko a kansu su ne maƙwabta, da liman, da mai unguwa. Wannan tsari yana da amfani, domin su ne ke ganin yaro kullum, su kuma fara lura idan ya rame ko ya ji rauni. Amma yana da rauni ta fuska uku. Na farko, kunya da kara suna hana maƙwabci tuhumar malami. Na biyu, mai unguwa sulhu yake yi, ba shi da ikon rufe wuri. Na uku, ba a rubuta komai, don haka idan abu ya sake faruwa ba a da hujja.

Abin da ya faru a wasu garuruwa ya nuna haɗarin wannan giɓi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane kimanin 300 daga wani gidan horo a Rigasa, Kaduna, da yawansu yara, wasu a ɗaure da mari. A watan Oktoba aka sake gano irinsa a Daura. Rahoton da aka kai wa 'yan sanda ne ya tona asirin gidan na Rigasa, bayan yara sun daɗe suna shan azaba a tsakiyar unguwa.

3.4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa akwai doka, akwai kuma idon jama'a, amma ba a haɗa su wuri guda ba. Hukumar kula da ilimin almajirai da aka kafa a 2023 aikinta ilimi ne, don haka ba za ta maye gurbin mai bincike ba. Abin da ya dace da unguwa irin Gidan Igwai shi ne a yi rajistar kowane yaro da sunan iyayensa da garinsu, a kuma kafa kwamitin ziyara da ya ƙunshi malamai, da mata, da ma'aikacin lafiya, wanda zai riƙa kai rahotonsa ga kotu da majalisar dokokin jiha. A fasali na gaba za a duba matsayin kotu a wannan aiki.