Garin Hutu A Lokacin Hunturu

Cikin ƙasar Ingila akwai waɗansu garuruwa na bakin teku waɗanda babbar sana'arsu ita ce saukar baƙi. Abin da su ke sayarwa shi ne ɗakin kwana, da abinci, da wasanni, da iskar teku. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Blackpool, a gaɓar yamma ta lardin Lankasha, kamar mil 50 daga birnin Manchesta. Galibin masu zuwa can da lokacin zafi su ke zuwa, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da gari ya ke cike maƙil. Amma wanda ya ke so ya san ainihin zaman irin wannan gari, sai ya ziyarce shi cikin watan Janairu, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kafin mu shiga garin da hunturu, ya kamata mu san abin da ya tara mutane a wurin tun farko. A shekarar 1801 mazaunan wurin ba su kai 500 ba. A zamanin nan likitocin Ingila suna cewa wanka cikin ruwan teku magani ne, saboda haka waɗansu masu hali su kan zo cikin keken doki su yi 'yan kwanaki. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1846 sai al'amari ya sake. Garuruwan Lankasha cike su ke da manyan masaƙu na auduga, kowane gari kuwa yana da al'adar rufe masaƙunsa duka mako guda a shekara, a gyara injuna, ma'aikata su huta. Ba a biyansu ladan wannan mako, don haka su kan yi ta zuba kuɗi kaɗan kaɗan shekara guda cur, kamar yadda mu ke yin adashi, in hutu ya zo su kwasa su nufi teku. Garuruwan kuwa ba tare su ke rufewa ba, wannan mako na wannan gari ne, mai zuwa na wancan, shi ya sa Blackpool ba ya rabuwa da baƙi har zafi ya wuce. A 1881 mutanen garin sun kai 14,000, a 1901 sun kai 47,000, a 1951 kuwa 147,000.

Mu ma muna da hannu cikin labarin nan, ko da ya ke daga nesa. A zamanin mulkin Turawa, audugar da a ke nomawa a ƙasar Zazzau da ta Katsina a kan gurje ta a wurare kamar Funtuwa, a ɗaure, jirgin ƙasa ya kai ta Ikko, jirgin ruwa ya kai ta Ingila. Akoko da alawayyo da a ke sayarwa a kasuwanninmu, da yawa cikinsu masu hutun nan na Blackpool ne suka saƙa su.

Duk abin da aka gina a garin domin baƙi aka gina shi. Akwai gadoji uku na ƙarfe da katako waɗanda suka miƙe cikin teku, ba su ƙetarewa zuwa ko'ina, mutane kawai su taka su sha iska. An buɗe ta farko a 1863, ta biyu a 1868, ta uku a 1893. A 1885 aka sa taragon lantarki mai bin titin bakin teku. A 1894 aka buɗe wata hasumiya ta ƙarfe mai tsawon ƙafa 518, wadda aka kwaikwayo daga ta birnin Faris. A kudancin gari akwai babban filin wasanni da lilo iri iri, wanda aka kafa a 1896. A kan rairayi kuma akwai jakuna waɗanda yara ke hawa da kuɗi.

To, me ke korar baƙi in Nuwamba ta kama? Rana ce. Kun sani daga darasin labarin ƙasa duniya a karkace ta ke, saboda haka ƙasashen da ke can arewa ƙwarai su kan sami doguwar rana rabin shekara, gajeriya rabin shekara. A Blackpool yinin tsakiyar Yuni ya kan kai awa 17. Na ƙarshen Disamba kuwa awa bakwai da rabi ne kaɗai: rana ta fito wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Musulmin da ya je can a lokacin zai ga azahar da la'asar da magariba duk sun auku cikin abin da bai kai awa huɗu ba. Hunturunsu kuma ba irin namu ba ne mai ƙura da bushewa. Nasu jiƙaƙƙe ne, ga ruwan sama, ga iska mai ƙarfi daga yamma. Ƙanƙara mai taushi ba ta cika kwanciya a bakin teku ba, amma sanyin dare ya kan kusa daskarar da ruwa.

Baƙon da ya sauka a tashar jirgi cikin Janairu zai iske gari kamar kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci. Rumfunan masu sayar da alewa da kayan wasa a rufe su ke. Filin wasanni shiru, sai masu gyara da masu fenti, gama da hunturu ne a ke kwance injunan lilo a duba su. Jakunan an kai su gonaki su huta. Gidajen saukar baƙi da yawa sun kulle, waɗanda suka bari a buɗe kuwa sun rage kuɗin ɗaki ƙwarai. In iska ta yi ƙarfi ba a barin kowa ya hau ƙololuwar hasumiya. Amma tarago yana tafiya kullum, mil 11 har garin Fleetwood, domin 'yan gari suna zuwa aiki da makaranta. Da maraice kuma, dab da faɗuwar rana, waɗansu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe dubbai su kan taru bisa gadar arewa, su yi ta juyawa cikin sararin sama kamar hayaƙi, kana su shige ƙarƙashinta su kwana. Da hunturu a ke ganin wannan, mai zuwa da zafi ba ya samunsa.

Sai dai a yi hattara da teku. Ruwansa ya kan cika ya janye sau biyu cikin yini da dare, saboda jan da wata ke yi masa, kullum kuwa lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. Cikar ta fi girma a tsayuwar wata da kuma sha huɗunsa. In babbar cika ta gamu da hadarin yamma, raƙuman ruwa su kan tsallake katangar da aka gina su faɗo kan titi. A Disamba ta 1886 wani jirgi mai suna Mexico ya kafe kudu da Blackpool. Kwale-kwalen ceto uku suka fita, guda ya kuɓutar da mutanen jirgin, amma biyu suka kife, mutum 27 na masu ceto suka halaka. A Janairu ta 1983 wani mutum ya faɗa ruwa don ya ceci karensa, 'yan sanda suka bi shi, uku cikinsu suka nutse tare da shi. Saboda haka in an sa sarƙa an tare matakalar sauka bakin ruwa, kada baƙo ya ƙetare ta.

Yanzu mu duba mutanen garin, domin su ne hunturu ya fi shafa. Mai gidan baƙi dole ya tara cikin 'yan watanni abin da zai ci shekara, ya biya haya da haraji, ya gyara gida. Masu dafa abinci, da masu shara, da masu tsaron lilo, aikinsu ya kan ƙare tare da tafiyar baƙi. Wannan ya yi kama da zaman manomi wanda ya dogara ga damina guda, sai dai shi manomi yana da rumbu, in ya ga dama kuma ya tafi cin rani.

Tun da daɗewa hukumar garin ta ke neman dabarar tsawaita lokacin ciniki. A 1879 aka kafa fitilun lantarki takwas a titin bakin teku, jama'a suka yi ta zuwa kallo. A 1912 aka ƙawata titin da ƙananan fitilu domin ziyarar Gimbiya Louise, da aka ga mutane sun so abin sai aka sake kunna su a Satumba. Yaƙin duniya na farko ya tsai da su, aka komo da su a 1925. Yaƙi na biyu ya sake kashe su a 1939, sai a 1949 suka dawo. Tsawonsu wajen mil shida ne. Dā a kan kashe su a farkon Nuwamba, amma a 2020 aka ja lokacin har farkon Janairu. Ban da fitilu, garin ya kan gayyato manyan tarurruka cikin zaurukansa, kamar taron masu kiwon tantabaru da a kan yi a Janairu.

Duk da haka dabara ba ta hana abin da ya zo daga baya ba. Masaƙun Lankasha suka yi ta rufewa, har al'adar makon hutu ta mutu. Daga wajen 1960 kuma tafiya cikin jirgin sama ta yi araha, Turawan Ingila suka gane da kuɗi kaɗan za su je ƙasar Sifen inda rana ba ta yi musu rowa. Masu kwana mako guda suka ragu, aka bar masu yini su koma. Gidajen baƙi da yawa da suka rasa ciniki aka mai da su ɗakunan haya masu araha, matalauta da marasa lafiya daga waɗansu garuruwa suka taru a ciki. Cikin lissafin da gwamnatin Ingila ta fitar a 2019, daga unguwanni goma da suka fi talauci a ƙasar, takwas a Blackpool su ke. Mai zuwa da zafi ba ya lura da wannan, gama taro da kaɗe-kaɗe sun rufe shi. Mai zuwa da hunturu kuwa, in ya bar titin bakin teku ya shiga layi biyu ko uku a baya, zai gani da idonsa.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Ingila karatu, in ya sami hutun hunturu, kada ya raina irin wannan ziyara. Ya tanadi babbar riga wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalma masu ƙarfi. Ya tambayi masauki tun kafin ya tashi ko a buɗe ya ke. Ya duba takardar lokutan cikar teku, ya fita da wuri tun da yini gajere ne. Zai sami ɗaki da araha, zai kuma sami 'yan gari da sukunin hira, abin da ba su da shi da zafi.

Ya 'yan'uwa, da yawa cikinmu za su koma garuruwan da arzikinsu ya rataya ga abu guda, ko auduga, ko gyaɗa, ko kasuwa, ko tashar mota. In aka tura ɗayanmu irin wannan gari, ya tambaya tun da wuri me mutane ke ci a watannin da abin nan ba ya kawo kuɗi, da kuma abin da za su yi ran da masu saye suka sami wata hanya. Mutanen Blackpool sun yi shekara fiye da 100 suna fama da tambayar farko, ta biyu kuwa ta zo musu ba shiri. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.