Harshen da Ya San Gero, da Buhun da Ba Shi da Suna

A jihar Kentucky ta Amurka akwai mutanen da suka mai da ɗanɗanon giyar wiski abin sha'awarsu: su shinshina, su kurɓa kaɗan, su faɗi irin hatsin da aka yi ta da shi da shekarun da ta yi a ajiye. Musulunci ya haramta giya, Kano kuma tana bin Shari'a tun 2000, saboda haka babu mai kiran kowa zuwa ga kwalba. Abin dubawa shi ne yadda mai saye a can ya san abin da ya biya kuɗinsa. Da algus ya yi yawa, a 1897 aka kafa dokar Bottled-in-Bond, wadda ta ce kwalba ba za ta sami hatimin gwamnati ba sai abin cikinta ya fito daga masana'anta guda, a zangon aiki guda, ya kuma yi aƙalla shekara 4 a ajiye. Wadda ake kira Bourbon kuwa, dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsinta ya zama masara. Doka ce ta fara tilasta faɗin gaskiya, sannan harshe ya sami abin koyo.

Mu kuwa harshen muke da shi, shaidar ce babu. A kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, dillali yakan ɗebi gero a tafin hannu, ya ciji ƙwaya, ya gaya maka na bana ne ko ya kwana a rumbu. Mai damun fura ta san gero ba maiwa ba ne, mai tuwo ta san inda ƙaura ta bambanta da farafara, mai zoɓo ta san wanda zai yi ja sosai da wanda sai an ƙara masa citta da kanumfari. Wannan ilimi ne na gaske, amma yana tsayawa a bakin masu shi. Busasshen zoɓon arewa yana kaiwa har Meziko, inda ake shansa da sunan agua de jamaica, alhali a kasuwarmu buhu ba kasafai yake ɗauke da sunan garin da aka noma shi ba, balle shekarar girbinsa.

Za a ce wannan zancen ƙoshi ne, mai neman kwano ɗaya na abincin dare ina ruwansa da ƙamshi. Ni a ganina shi ne ya fi kowa buƙata, domin talaka ne ake auna wa tsohon hatsi da aka gauraya da sabo, kuma shi ne ba shi da halin mayarwa. Manomi ma yana asara: wanda ya sheƙe geronsa tsaf ya shanya a kan leda, da wanda ya bar tsakuwa a ciki, in kayansu suka haɗu a hannun mai tarawa, farashi ɗaya suke samu.

Wasu kuma za su ce ai amana ta isa, kowa ya san dillalinsa. Ta isa a lokacin da mai saye da mai noma suke haɗuwa a masallaci ɗaya. Yau tireloli ne ke lodi zuwa Legas da Nijar, mai ci bai taɓa ganin gonar ba. Shugabannin kasuwa suna iya farawa da abu uku a jikin kowane buhu: iri, garin noma, da shekarar girbi.