Ajin Da Ya Koya Min Karatu A Karo Na Biyu

Yau labarin kaina zan ba ku, kuma ina fatan ɗalibai, musamman masu son zama marubuta, za su tsinci wani abu a ciki.

Ni dai na taso ina ganin kaina gwanar karatu. Littattafan soyayya na Kano kuwa ba a magana, na aro a wajen ƙawaye, na karanta a WhatsApp har batir ya mutu. Shi ya sa da na shiga jami'a na ga kwas na adabin Hausa, sai na ce wannan ai banza ta faɗi. To, gwajin farko maki huɗu na ci cikin ashirin. Wallahi sai da na yi kuka a hostel, don in na faɗi kwas ɗin sai na maimaita shi baɗi.

Littafin da aka ba mu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar rubutu da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East a Zariya, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. An ce mu yi sharhi. Ni kuma na cika shafi huɗu da labarin daga farko har ƙarshe: an sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya girma ya yi karatu a ƙasar Larabawa, uwarsa ta bazama nemansa.

Da na je ofishin malam da takardata, ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce, "Ai na karanta littafin tun ba a haife ki ba. Me kika gani a ciki?" Na yi tsuru-tsuru. A nan na gane maimaita labari daban, sharhi daban.

Abin da ajin nan ya tilasta min na farko shi ne karatu sau biyu. Na farko don jin daɗi, na biyu da biro a hannu, ina tambayar me ya sa marubuci ya yi kaza. Ga misali. Labarin Shaihu Umar daga bakinsa yake fitowa, yana dattijon malami yana ba almajiransa tarihinsa. Ke nan tun shafin farko mun san ya rayu, har ya zama babban mutum. To me ke riƙe mai karatu? Da na sake karantawa sai na ga uwar ce. Ita ce ta bar gida saboda ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta sha wahalar hamada, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Zafin cinikin bayi a jikinta aka fi nuna shi. A karatun farko na wuce ta da gudu, ina sauri in ga ƙarshe.

Na biyu shi ne hujja. A ajinmu ba ka isa ka ce "littafin yana da daɗi" ka zauna ba. Sai ka faɗi wane shafi, wace magana, wane hali na tauraro ya sa ka faɗi haka. Kalmomin da da nake haddacewa don jarrabawa, irin su jigo, salo, zubi da tsari, sai suka koma kayan aiki a hannuna. Jigo shi ne saƙon da labarin ke ɗauke da shi, salo kuma yadda aka sarrafa harshe aka isar da shi.

Na uku, wanda ya fi min ciwo, shi ne gyara. Jinga ɗaya sau uku aka dawo min da ita, jan biro ko'ina. Ƙa'idojin rubutu ma ashe ban iya ba: ina haɗe "ya ce" wuri guda, ina rubuta "kasa" alhali "ƙasa" nake nufi. Yawan hira a waya ya ɓata min hannu ban sani ba. Na koyi karanta rubutuna da ƙarfi kafin in miƙa, duk inda harshena ya sarƙe, to jimlar na da matsala.

Na ci kwas ɗin a ƙarshe, ba da wani makin a zo a gani ba. Amma yanzu ko littafin onlayin na ɗauka, ina iya gane inda marubuciya ta yi ƙoƙari da inda take jan labari don kawai ya yi tsawo. Gajerun labaran da nake rubutawa ma ba na sakinsu ranar da na gama, sai sun kwana biyu na sake dubawa.

Idan kana cikin irin wannan aji yanzu, malam ya matsa maka, kada ka yar da takardar da aka yi wa jan biro. Ka zauna ka bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, in ba ka gane ba ka je ka tambaya. Ga aikin gida: ɗauko littafin da ka taɓa karantawa, ka sake bin babin farko da biro, ka rubuta tambaya uku da suka fara da "me ya sa".

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.