Mece ce ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli?

Duk lokacin da ake maganar farfaɗo da masaƙun Kaduna da Kano, sai an ji sunan NUTGTWN. Ita ce ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan masaƙu da masu ɗinkin tufafi a Nijeriya. An kafa ta a 1978, hedikwatarta tana Kaduna, kuma tana ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta NLC. Adams Oshiomhole ya taɓa zama babban sakatarenta.

Yaya take aiki? Mambobi suna biyan kuɗin ƙungiya, su zaɓi shugabanni. Shugabannin su ke zama da masu kamfani a daidaita kan albashi, lokutan aiki, lafiyar ma'aikaci da kuɗin sallama. Idan zaman ya ci tura, sai a nemi sulhu ta ma'aikatar ƙwadago ko kotun ma'aikata. Yajin aiki shi ne makamin ƙarshe.

Wa abin ya shafa? Da farko ma'aikatan masaƙu ne. Da kamfanoni suka durƙushe, kamar KTL ta Kaduna da aka rufe a 2002, ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga teloli masu zaman kansu. Ke nan mai keken ɗinki a gari kamar Sakwa ko a kasuwar Azare shi ma yana da wurin shiga.