Hanyar 710: Kilomita 7 da Suka Gagari Hukuma

A yankin Los Angeles na Amurka akwai wata babbar hanya mai lamba 710. Daga tashar jiragen ruwa ta Long Beach take tasowa ta nufi arewa, tireloli masu ɗauke da kwantena na bin ta dare da rana. Da ta kai bakin unguwar El Sereno da garin Alhambra, sai ta tsaya cak a titin Valley. Can gaba, a Pasadena, an haƙa makeken rami an shimfiɗa ɗan guntun hanya domin a haɗe su. Abin da ya rage a tsakani kimanin kilomita 7 ne, amma an shafe fiye da shekara 50 ana rigima a kansa.

Mutanen Alhambra suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Duk motar da ta kai ƙarshen hanyar, cikin garinsu take zubowa. Da safe da yamma titin Fremont kan cushe, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gidaje da makarantu. Har ranar 10 ga Yuli suka riƙa warewa suna gangami, wato wata na 7 rana ta 10, don tunasar da hukuma cewa akwai aikin da ba ta gama ba.

South Pasadena kuwa, ƙaramin gari mai mutane wajen 26,000, ya ce atafau. Hanyar za ta tsaga shi gida biyu, ta cinye ɗaruruwan tsofaffin gidaje da itatuwa. Mutanen garin suka garzaya kotu, a 1973 alƙalin tarayya ya dakatar da aikin, aka sake samun irin wannan umarni a 1999. Da aka ga ta sama ba za ta yiwu ba, sai aka kawo shawarar a bi ta ƙarƙashin ƙasa, aikin da aka kiyasta zai haura dala biliyan 3.

Shin da an gina, cunkoson zai kau? Masana sufuri da yawa suna shakka. Idan tuƙi ya yi sauƙi, wanda a da yake shiga bas sai ya fito da motarsa, mai fita da asuba don gudun cunkoso ya koma fita da hantsi, magina kuma su kafa sababbin unguwanni nesa da gari. A 2011 masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner sun nazarci biranen Amurka, suka gano cewa yawan tuƙi yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Houston ta gani da idonta: an gama faɗaɗa hanyar Katy a 2008, cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo. Saboda haka mai yiwuwa Alhambra ta ɗan sarara, amma da wuya sararawar ta daɗe.

A ganina, ɓarnar da ta fi muni ba daga gini ta zo ba, daga jira ta zo. Tun farko hukumar sufuri ta jihar Kaliforniya, Caltrans, ta sayi gidaje sama da 400 a kan layin da aka zana, da niyyar rushewa. Ba a rushe ba, ba a kuma sayar ba. Ma'aikatar da aikinta zuba kwalta ne ta wayi gari tana karɓar kuɗin haya. 'Yan haya suka yi ta kukan rufi na yoyo ba gyara. Wasu gidajen aka toshe tagoginsu da katako, ciyawa ta cinye tsakar gida, a birnin da dubban mutane ke kwana a gefen titi. A Maris na 2020, lokacin kullen korona, wasu iyalai marasa muhalli suka buɗe wasu daga cikin gidajen El Sereno suka tare. Doka ba ta ba su izini ba, amma da wuya mutum ya ga gida a rufe shekara da shekaru ya ga laifinsu.

A 2017 hukumar sufuri ta gundumar Los Angeles ta janye daga batun hanyar ƙarƙashin ƙasa, ta ce a kashe ɗaruruwan miliyoyin da aka tanada wajen gyara titunan cikin gari da fitilun mahaɗa. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokokin da suka rufe maganar, aka kuma kama hanyar sayar da gidajen, duk da cewa abin na tafiyar hawainiya.

Ramin Pasadena dai yana nan. Kafin a haƙa shi an tashi dubban mutane, da dama daga cikinsu baƙar fata da sauran tsiraru masu ƙaramin ƙarfi. A 2022 jiha ta mayar wa birnin filin, aka shiga shawarar abin da za a gina a kai, da kuma yadda za a saka wa iyalan da aka tasa.