Shirin Musamman: Yaran Gudun Hijira a Maraɗi, 'Yan Ina Ne?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau shirin namu zai yada zango a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka neman mafaka, bayan 'yan bindiga sun hana su noma, sun hana su barci. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

A ido, sai ka ce ba su baƙunta ba. Hausa ɗaya ake yi, fura ɗaya ake damawa. Bagobirin Sabon Birni in ya je Tsibiri, gidan kakanninsa ya je, don Gobir ta girmi layin da Ingila da Faransa suka shata. To amma ciwon yaro ba a ido yake ba.

Ku dubi wasansu. Yara su sami karan dawa su saɓa a kafaɗa, su rabu gida biyu, wasu ɓarayin daji, wasu mutanen gari, har da cinikin kuɗin fansa. Ƙarar babur ta sa yarinya ta shige ƙarƙashin gado. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wani ya firgita cikin dare, wani kuma ya yi shiru ya daina cin abinci. Iyaye kan ce iska ce ta taɓa shi, ko kuwa rashin ji ne, a kai ga bulala. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa na cewa tsoro ne ya zauna a jiki, kuma duka ƙara shi yake yi. Abin da ke sassauta shi sananne ne: makaranta kullum, wasa da tsara, abinci a kan lokaci, da babban da zai saurari yaro. Uwa ma sai an kula da ita, don hankalinta in ya tashi, na ɗanta ba ya kwanciya.

(GAJEREN KIƊA)

Sai kuma tambayar asali. Yaron da aka haifa a Maraɗi a 2019 yanzu ya isa aji. Tutar Nijar yake gani, sefa ya sani ba naira ba, amma a filin ƙwallo ana ce masa ɗan gudun hijira. A gida kuma ana ba shi labarin garin da bai taɓa gani ba. Wanda ba shi da amsar "ɗan ina ne kai?" shi ne mai saurin biye wa duk wanda ya ce masa "kai namu ne", ko da mai bindiga ne.

Doka ba ta bar shi a banza ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne, muddin uwa ko uba ɗan Najeriya ne. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda ƙasashen biyu suka amince da ita, ta wajabta yi wa jariri rajista da zarar an haife shi. Sai dai haƙƙin da babu takarda wuyar karɓa gare shi, musamman ranar jarrabawa ko neman fasfo.

Saboda haka, iyaye, a nemi takardar haihuwa kamar yadda ake neman katin abinci. A faɗa wa yaro sunan garinsu da na kakanninsa, a kuma bar shi ya so garin da ya rene shi. Hukumomin ƙasashen biyu kuwa, su amince da sakamakon karatun yaran nan, kada wanda ya koma gida ya faro daga aji ɗaya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)