Buɗaɗɗiyar Manhaja da Sirrin Ofis: Abin da Ya Faru a Birnin Munik

 Watakila wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska, malamin Hausa da zancen kwamfuta? To, maganar tamu ta yau duk ta rubutu ce, da kuma wanda aka yarje wa ya karanta shi, wannan kuwa fagenmu ne.

Manhaja dai jerin umurni ce da mutum ya rubuta wa na'ura cikin wani harshe na musamman. Wannan shi ne asalin rubutun. Sa'an nan a juya shi zuwa lambobin da na'ura ke ganewa, waɗanda ɗan Adam ba ya iya bi sai da wahala ƙwarai. Kamfanin da ya sayar maka da Windows ko Word lambobin nan kaɗai ya ba ka, ya riƙe asalin a wurinsa, abin da ka biya kuwa kuɗin izinin amfani ne kurum. Misalinsa kamar mai magani ne da ya miƙa maka ƙulli, ka sha ka ji daɗi, amma haɗin yana cikinsa. Irin wannan ita ce rufaffiyar manhaja. Buɗaɗɗiya kuwa ita ce wadda aka baje asalin rubutunta a fili, kowa ya duba.

A shekarar 1983 wani masani ɗan Amurka, Richard Stallman, ya yi shelar zai gina tsarin sarrafa kwamfuta mai suna GNU wanda ba mallakar kowa ba. A 1989 ya fito da lasin da ake kira GPL, wanda ya ba mutum damar ya yi aiki da manhaja yadda ya so, ya karanta asalinta ya gyara, ya rarraba wa jama'a, bisa sharaɗin duk wanda ya rarraba abin da ya gyara to tilas ya bar shi a buɗe shi ma. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan tsarin, watau Linux. Ingilishi yana da kalma ɗaya tak da ke nufin 'yanci kuma take nufin kyauta, har masu wannan ra'ayi suka shekara da shekaru suna fama da bayani. Mu Hausa ta hutar da mu. 'Yanci ake nufi, ko da yake galibi ana samun abin kyauta.

Ina sirri ya shigo? Abin da ba ka iya karantawa ba ka iya sanin abin da yake yi a bayan idonka. Windows, alal misali, tana aika wa kamfaninta bayanai game da yadda na'ura ke aiki, kuma a irin wadda ake sayar wa gidaje ana iya rage su amma ba a iya tsai da su ɗungum. A 2013 Edward Snowden ya fito da takardun da suka nuna yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke samun bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet. A 2018 kuma Amurka ta kafa doka wadda ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanonin ƙasar, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Duk gwamnatin da ta zuba fayilolinta a rumbun irin wannan kamfani, ai sai ta yi tunani.

Hukumar birnin Munik a ƙasar Jamus ta riga yawancin duniya wannan tunani. Dalilinta na farko ma na aljihu ne: Microsoft ta sanar za ta daina kula da Windows NT, wadda birnin ke aiki da ita, watau ko an so ko an ƙi sai an sayi sabuwa. A 2003 shugaban kamfanin na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da kansa ya ga magajin gari, Christian Ude, aka yi tayin rangwame mai tsoka. Duk da haka majalisar birnin ta zaɓi Linux, tana mai cewa ba ta son kamfani ɗaya ya riƙa yanke mata ranar da za ta sauya kayan aikinta. Aka raɗa wa tsarin suna LiMux. Ba a fara sauya kwamfutocin ba sai 2006, ba a kuma gama ba sai ƙarshen 2013, lokacin da wajen kwamfuta 15,000 suka koma sabon tsari. A 2012 hukumar ta ce ta rage kashe kuɗi da abin da ya haura Yuro miliyan 10.

Me ya ci shekara goma? Ba sa Linux a na'ura ne mai wuya ba. Kowane sashe na hukumar ya tara nasa fom-fom da samfurin wasiƙu da 'yan dabarun da akawu suka ƙirƙiro cikin Word da Excel, dubbai, tilas aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Bugu da ƙari akwai manhajojin ayyuka na musamman waɗanda ba sa tashi sai a kan Windows, don haka aka bar wasu kwamfutoci a tsohon tsari, aka wayi gari ana ɗawainiya da tsari biyu. Ma'aikata kuma suka riƙa kukan cewa takardar da ta zo daga wata ma'aikata sai ta buɗe a hargitse, layuka sun goce. Wannan kuka gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san ma'aikaci ba ruwansa da falsafar 'yanci in an ce masa ya kai takarda kafin a tashi.

A 2014 aka zaɓi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye ƙin tsarin ba. Wani bincike da hukumar ta sa aka yi mata a 2016 ya nuna babbar matsalar tana ga yadda aka warwatsa kula da kwamfutoci tsakanin sassa dabam-dabam. Amma a Nuwamba 2017 majalisa ta yanke shawarar komawa Windows, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kusa Yuro miliyan 50. Masu suka sun lura cewa a 2016 Microsoft ta dawo da hedkwatarta ta Jamus cikin birnin. Lura dabam, hujja dabam, ni dai ba zan wuce nan ba. A 2020 jam'iyyun da suka haɗu suka riƙe majalisar sun sake rubutawa cikin yarjejeniyarsu cewa za a fifita buɗaɗɗiyar manhaja inda ya yiwu.

A ganina Jandarmomin Faransa sun fi dabara. Sun fara da manhajar rubutu a 2005, suka bi da Firefox da Thunderbird a 2006, duk a kan Windows ɗin da ma'aikata suka saba da ita. Sai a 2008 suka ce za su koma Ubuntu, wani nau'in Linux. Kafin a taɓa ƙasan, mutum ya riga ya saba da abin da hannunsa ke taɓawa kullum. Jihar Schleswig-Holstein a arewacin Jamus ta bi irin wannan sawu: a 2024 ta yanke shawarar mai da kwamfuta 30,000 zuwa LibreOffice tukuna, Linux daga baya, a Oktoba 2025 kuma ta gama kwashe akwatunan wasiƙun ma'aikatanta daga tsarin Microsoft.

Kada a ɗauka buɗewa layar tsari ce. A 2014 an gano wani kuskure da aka kira Heartbleed cikin buɗaɗɗiyar manhajar da ke tsare ɗimbin shafukan intanet, bayan ya yi shekara biyu a fili ba wanda ya kula. A 2024 wani ya cusa ɓoyayyiyar ƙofa cikin wata 'yar manhaja mai suna xz, kuma wanda ya bankaɗo ta, Andres Freund, injiniyan Microsoft ne. Ya iya ganowa domin rubutun a buɗe yake, amma sai da aka sami mai dubawa. Kazalika wayar Android da ke aljihun yawancinku a kan Linux aka gina ta, amma manhajojin Google da ke samanta a rufe suke. WhatsApp da Signal hanyar kulle saƙo ɗaya suke bi. Inda suka rabu shi ne bayanan gefe, watau wa ka yi wa magana, yaushe, da wace waya. Signal, wadda take a buɗe, kaɗan ƙwarai take ajiyewa.

A nan gida, tun Yuni 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke lura da ita. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton fayil ɗin wani ya tura ta WhatsApp, ko ya ajiye jerin albashi a adireshinsa na Gmail, ya fitar da sirrin da aka ba shi amana zuwa inda ofishinsa ba shi da iko. Wanda kuma aka sa wa kwafin Windows na sata a shago bai san abin da aka haɗa masa da shi ba. Daɗin daɗawa, Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da masu rajistar ƙarin wa'adi, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, alhali suna ɗaukar Linux lafiya lau.

Ɗalibin da ke son gwadawa ya bi tsarin Jandarmomi. Ya sa Firefox da LibreOffice a kan kwamfutarsa yadda take, ya riƙa ajiye aikinsa a sigar ODF, wadda aka amince da ita a matsayin ma'aunin duniya tun 2006, kuma kowane kamfani na iya rubuta manhajar da za ta buɗe ta. Mu masu ɓ da ɗ da ƙ mun san amfanin ma'auni: rubutun da aka buga da keɓaɓɓun haruffan wani ofishi kafin Unicode ta wadata, in aka buɗe shi a wata na'ura sai ƙugiyoyin su rikiɗe su zama wasu alamomi. In hannu ya saba, sai ya sa Ubuntu ko Linux Mint a kan filashi, ya ta da kwamfutar daga nan, ya duba ko firinta da intanet suna aiki, ba tare da ya goge ko fayil ɗaya ba.